Ina Cin Jarrabawa, Amma Daɗin Karatun Ya Gudu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Mama. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 21, ina aji uku a jami'a, Lissafi nake karantawa. Tun ina ƙarama nake son lissafi. Nakan zauna da tambaya guda har dare ya raba, ba wanda ya sa ni, in na gano bakin zaren in ji kamar an yi mini albishir. Daga firamare har na gama sakandare ban taɓa sauka daga ta ɗaya ba, har Babanmu ya daina kiran sunana, "Ta Ɗaya" yake ce mini.

Da na shiga jami'a na rubuta burina a takarda na liƙa a bango saitin gadona: in fita da digiri mai daraja ta ɗaya, in zama ta ɗaya a sashenmu, in samu tallafin karatun digiri na biyu kafin in cika shekara 24. Shekarar farko komai ya tafi daidai. A aji biyu wani kwas ya wahalar da ni, da ƙyar na haye, wata ƙawata kuma ta wuce ni. Tun daga nan na rasa gane kaina. Ina karatu fiye da da, amma kamar mai dakon dutse. In na buɗe littafi gabana faɗuwa yake yi. Na daina ɗaga hannu a aji. Tambayoyin da na san zan iya su nake ta maimaitawa, masu ɗan wuya in tsallake, wani lokacin kuma in ɗauko littafin da ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba in zauna ina kallonsa. Makina ya dawo sama, amma ranar da sakamako ya fito ajiyar zuciya kawai nake yi.

Wata ƙawata ta ce buri ne ya yi mini yawa, in yage takardar in huta. Yayana ya ce lalaci ne ya fara kama ni, in ƙara ɗaure ɗamara. Wanne zan bi? Ko dama can ba lissafin nake so ba, ta ɗayan nake so?

Taki, wata ɗaliba.

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa, inda kika ce ranar da sakamako ya fito ajiyar zuciya kawai kike yi. Wanda ya samu abin da ransa ke so murna yake yi, ya rasa inda zai sa kansa. Ajiyar zuciya ta wanda ya tsallake rijiya da baya ce. Ke nan tun daga aji biyu kina shiga kowace jarrabawa ne kamar mai gudun ceton rai, kuma wanda ake bi a guje ba ya ganin kyawun hanya.

Bari mu fara sallamar maganar Yayanki, da girmamawa. Malalaciya ba ta ƙara awannin karatu, ba ta kuma dawo da makinta sama bayan ya sauka. Ɗamarar da yake cewa ki ƙara ɗaurewa ita ce ta riga ta matse ki har numfashi ke yi miki wuya. Na san don ƙauna ya faɗa, yana gudun kada ki sare. Amma wannan karon ganinsa bai kai kan ciwon ba.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni, don na san ita ke hana ki barci. Ki tuna yarinyar nan da ke zaune da fensir har dare ya raba. Wa ke kallonta? Wane malami ne zai ba ta maki a kan tambayar da bai ma san ta ɗauko ba? Da ta ɗaya kaɗai take nema, da ta yi aikin gidanta ta rufe littafi ta kwanta. Son nan na gaskiya ne, kuma ban yarda ya mutu ba. Wanda sonsa ya mutu ba ya rubuto wasiƙa yana cigiyarsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bambance himma iri biyu. Akwai wadda ke tasowa daga cikin rai, mutum ya yi abu don shi kansa abin yana masa daɗi. Akwai kuma wadda ake kunnawa daga waje, da lada ko yabo ko tsoron kunya. Kowa na da duka biyun, kuma ba laifi ba ne. Abin da aka gano shi ne ta wajen kan iya hawa kan ta cikin ta danne ta, ba tare da mai ita ya lura ba.

A 1973 wasu masana uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, suka yi wani gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Suka fara lura da yaran da ke son zane da alƙaluma masu launi, waɗanda ke zuwa teburin zanen da ƙafarsu. Sai suka kasa su uku. Kashin farko aka nuna musu wata takardar yabo mai tambarin zinariya da jan ƙyalle, aka ce duk wanda ya yi zane zai samu. Kashi na biyu suka yi zanensu, bayan sun gama aka ba su takardar ba zato. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji, babu alkawari babu komai, ana leƙen yaran ba su sani ba. Waɗanda aka yi wa alkawarin lada kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane suka ɓata. Ba a dake su ba, ba a hana su ba. Abin da ya sauya kawai shi ne amsar da kowane yaro ke ba kansa in ya tambayi ransa, "Don me nake zane?" Da can amsar ita ce "don ina so". Yanzu ta koma "don a ba ni", kuma da babu abin bayarwa sai dalilin ya tafi.

Shekara biyu kafin nan Edward Deci ya ga alamar haka a ɗaliban jami'a da ya biya kuɗi don su haɗa wani wasan wasa ƙwaƙwalwa, kuma a 1999 shi da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 128 suka duba su gaba ɗaya. Ladan da aka yi alkawarinsa tun farko yakan rage sha'awa, wanda ya zo ba zato ba ya ragewa, kalmar da ke nuna wa mutum ya iya kuma takan ƙara. Yadda na fahimci wannan, lada na da fuska biyu. Yakan zo a matsayin labari, ya ce miki "kin ƙware". Yakan kuma zo a matsayin linzami, ya ce miki "sai kin yi kaza za ki ci gaba da zama wance". Shekara goma sha biyu "Ta Ɗaya" labari ne a kunnenki, don ba ki taɓa jin barazanar rasa shi ba. Ranar da ƙawarki ta wuce ki ya rikiɗe ya zama linzami. Kuma ki lura, ba maki kike tsoron rasawa ba, sunanki ne, sunan da mahaifinki ke kiran ki da shi.

Na koyar a aji shekaru da dama, kuma akwai wata yarinya da ba na mantawa. In na ba da aiki ina zagayawa tsakanin tebura, da ta ji takuna sai ta kifa hannunta a kan littafin, ta sunkuyar da kai. In na ce mu gani, sai ta ce, "Malama, ban gama ba." Magoginta ya fi fensirinta saurin ƙarewa. Duk hanyar da ta bi ta ɓata sai ta goge ta tas, har takardar ta kusa hujewa, don kada a ga ta taɓa ɓata. Ita ce ta fi kowa maki a ajin, kuma ita ce ba ta taɓa tambayata komai ba. A gefenta akwai wani yaro da littafinsa ke cike da kurakurai da ya ja wa layi, yana daga cikin na tsakiya, amma shi ke tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, to in aka juya ta haka fa?" A lokacin yarinyar nake yabo a gaban aji, kuma sai daga baya na gane yabon nawa na cikin abin da ke ɗora hannun nan a kan littafi. Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada wannan a 1998 da 'yan aji biyar na firamare. Waɗanda aka ce wa "lallai kana da ƙwaƙwalwa" sun fi saurin karaya da aka ba su tambayoyi masu wuya, sun fi rasa jin daɗin aikin, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yaran. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jurewa.

Yanzu ga ƙawarki da shawararta ta yaga takarda. Ta fi Yayanki kusa da gaskiya, amma ita ma ban bi ta ba, kuma nan nake so ki buɗe kunne sosai. Ana yawan gaya wa mata irinki cewa buri ne ke wahalar da ku, ku sassauta. Ni ban ga aibin zuciyar nan taki ba. Akwai mutanen da Allah ya halitta da ƙishirwar su yi abu ya yi kyau, su auna kansu da ma'auni mai tsauri, su ga sun haye. David McClelland ya shafe shekaru yana nazarin wannan ɗabi'a, har ya rubuta littafi a kanta a 1961. Abokin aikinsa John Atkinson, na Jami'ar Michigan, ya nuna cewa a zuciyar mai irin wannan nema abu biyu ke ja-in-ja: begen nasara da tsoron faɗuwa. Daga waje kamanninsu ɗaya, duka biyun suna sa mutum ya raba dare yana karatu. A wurin zaɓin aiki ake gane wanne ke riƙe da ragama.

A 1960 Atkinson da George Litwin suka ba ɗalibai wasan jefa zobe a turke. Kowa na da 'yancin tsayawa inda ya ga dama, daga ƙafa 1 zuwa ƙafa 15. Waɗanda begen nasara ya rinjaya a zuciyarsu suka fi taruwa a tsakiya, inda za a iya ci za a iya ɓarar. Waɗanda tsoron faɗuwa ya fi yawa a ransu ba su nuna son tsakiyar kamar waɗancan ba, jifansu ya fi warwatsuwa zuwa kusa da nesa. Dalilin a bayyane yake. In ka tsaya dab da turke ba za ka ɓarar ba. In ka tsaya can nesa ka ɓarar, ba mai ganin laifinka, ai kowa ma zai ɓarar. Tsakiya ce kaɗai wurin da ɓararwa ke faɗin wani abu game da kai.

Koma ki karanta abin da kika rubuto mini. Tambayoyin da kika san za ki iya kike maimaitawa: kin tsaya dab da turke. Littafin da ya fi ƙarfinki nesa ba kusa ba: kin koma ƙafa 15. Masu ɗan wuya, waɗanda za su iya ba ki kunya, su kike tsallakewa. To 'yata, daɗin lissafi duk a can tsakiyar yake. Albishir ɗin da kike ji da kina ƙarama daga tambayar da ba ki da tabbacin za ki iya yake fitowa. Kin ƙaurace wa wurin da daɗin yake zaune, sannan kina mamakin rashin ganinsa.

Abin da ya sa na ce kada ki bi ƙawarki kuwa, ga shi. Judith Harackiewicz da Andrew Elliot sun yi gwaji a 1993 da wani wasan inji da ake harba 'yar ƙwallon ƙarfe. Wasu aka ce musu manufar ita ce su koyi wasan su ƙware, wasu aka ce manufar ita ce a ga yadda za su yi in an kwatanta su da sauran ɗalibai. Waɗanda ba su da zafin neman nasara sun fi jin daɗi da aka ce koyo kawai za su yi. Masu zafin nema, irinki, maganar gogayya ba ta kashe musu sha'awa ba, ƙara musu ta yi. Bayan shekara uku suka sake wani gwajin da wasan nemo kalmar da aka ɓoye cikin zane, suka raba gogayyar gida biyu: wasu aka nuna musu damar su yi fice, wasu aka nuna musu haɗarin su zama na baya. Na biyun ne kaɗai sha'awarsu ta ragu, kuma an gano hanyar da abin ya bi: sun kasa nutsewa cikin aikin. Ba abin mamaki ba ne. Mai lissafi na buƙatar hankalinsa gaba ɗaya a kan takarda, shi kuwa mai tsoron kunya rabin hankalinsa na tsaye a gefe yana gadin mutuncinsa.

Saboda haka son yin fice bai cuce ki ba. Da shi kika taso, tare da son lissafin, kuma shekara da shekaru suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya faru a aji biyu shi ne "ina so in yi fice" ya juye ya zama "kada a ga na gaza". Takardar bangon ba ta sauya ko harafi ɗaya ba, amma ma'anarta ta sauya. In kin yage ta kin bar tsoron yana nan, kin kuma rasa alƙibla.

Duk da haka ina da magana a kan takardar. Tashi ki je ki karanta ta da ƙarfi. Digiri mai daraja ta ɗaya. Ta ɗaya a sashe. Tallafin karatu kafin 24. Ina lissafi a ciki? Ɗalibar Tarihi ko ta Shari'a za ta iya cire ta daga bangonki ta liƙa a nata ba tare da ta gyara komai ba. Kullum da safe idonki na fara sauka a kan buri uku da babu ɗaya a cikinsu da ya ambaci abin da kike so. Na farko yawancinsa a hannunki yake, sai dai yana da nisa. Na biyu rabinsa a ƙwaƙwalwar wata yake, duk ranar da ƙawarki ta fahimci wani abu sai ya zama asara a gare ki, kuma wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga abota. Na uku yana hannun mutanen da ba ki taɓa gani ba, kin kuma ɗaura masa wa'adin da ke kika ƙirƙira. Me zai lalace in a 26 aka samu?

Ki ɗauki kowanne ki yi masa tambayar da Kennon Sheldon da Elliot suka riƙa yi wa ɗalibai a binciken da suka wallafa a 1999: don me nake bin wannan? Don wani na so ne ko yanayi ya tilasta? Don zan ji kunya ko in zargi kaina in ban yi ba? Don na yarda har zuciyata yana da muhimmanci? Ko don bin sa kansa na yi mini daɗi? Sun ga cewa burin da ya fito daga dalilai biyun ƙarshe an fi jurewa a kansa, an fi cim masa, kuma in an cim masa ya fi sanyaya rai. Ga bayanin ajiyar zuciyar nan taki. Burin da kunya ke tuƙawa, ko an kai gare shi, abin da yake biya kawai shi ne ɗan hutu kafin zango na gaba. Ki amsa tsakaninki da Allah, ba mai duba takardar. Zato na shi ne digiri mai daraja ta ɗaya zai tsira, don ƙofa ce zuwa karatun da kike so. Na biyun ban ga zai tsira ba.

Sannan ki kawo burin kusa. Albert Bandura da Dale Schunk sun tara yara a 1981, waɗanda lissafi ya gagara kuma ba sa son sa, suka ba su shafi 42 na lissafin ɗebewa su yi a zama bakwai. Wasu aka ba su shawarar su sa ran gama shafi 6 a kowane zama, wasu aka ce su sa ran gama 42 ɗin zuwa ƙarshe. Aiki ɗaya ne, lokaci ɗaya. Masu shafi 6 suka fi ƙwarewa, suka fi yarda da kansu, kuma da aka ba su zaɓi daga baya su suka fi komawa ga lissafin da kansu. Yaran da ba sa son lissafi ke nan, balle ke. Buri mai nisa ba ya gaya wa mutum ko yau ya ci gaba. Na kusa kullum yana ba shi shaida, kuma ganin kana iyawa na cikin abubuwa uku da Deci da Richard Ryan suka ce sha'awa ke rayuwa a kansu, tare da jin cewa kai ka zaɓa, da jin kana tare da mutane.

Ga abin da zan so ki yi, kuma na san zai yi miki ɗaci. Ki koma wa kwas ɗin nan da ya wahalar da ke. An riga an ba da makinsa, ba abin da zai ƙara miki ko ya rage, shi ya sa ya dace. Ki ware awa ɗaya, sau uku a mako, ki ɗauko tambaya guda daga cikinsa wadda in an ce ki rantse za ki iya ba za ki rantse ba, in an ce ki rantse ba za ki iya ba nan ma ba za ki rantse ba. Ki yi da biro, kada ki goge komai. In kin maƙale ki rubuta a gefe daidai inda kika maƙale da abin da ya hana ki wucewa. Ranar da awar ta ƙare ba ki warware ba, amma kin iya nuna wurin da yatsa, ranar ta yi kyau. Makon farko gabanki zai faɗi kamar kullum. Ki zauna da faɗuwar gaban, kada ki rufe littafin, takan lafa in ta ga ba abin da ya biyo baya.

A aji kuma ki ɗaga hannu sau ɗaya a mako, da tambayar abin da ba ki gane ba. Ki je wurin ƙawar nan da ta wuce ki, ki ce, "Nuna mini yadda kika fahimci wannan." Na san nauyin wannan jimla a bakin wadda ba ta saba ba. Amma ina kyautata zaton akwai abin da ita ma take so ta tambaye ki, kuma mutum biyu a kan tambaya ɗaya sun fi kowannensu shi kaɗai nisa.

Sai Babanku. Kada ki je masa da ƙorafi, bai yi don ya cuce ki ba, alfahari ne ya cika shi ya rasa yadda zai faɗa. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce, "Baba, akwai kwas ɗin da ya ba ni wuya bara, har wata ta wuce ni, kuma na ji tsoron gaya maka." Ki yi shiru ki saurara. Iyaye da yawa ba su san nauyin sunan da suka raɗa ba sai an nuna musu. Ina sa ran za ki ji abin da zai sauke miki kaya. In kuma ya nuna rashin jin daɗi, to kin ga iyakar abin da kike tsoro, kin kuma ga ba ki mutu ba.

Ba zan yi miki alkawarin daɗin zai dawo yadda yake da ba. Lissafin jami'a ba na sakandare ba ne, tsakanin albishir da albishir akwai tafiya mai nisa, wani lokaci makonni. Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ta ci lambar zinariya a gasar lissafi ta duniya ta 'yan makaranta a 1994 da 1995, a karo na biyun ba ta rasa ko maki ɗaya ba. A 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, wadda ke cikin mafi girma a fagen. Ba wanda zai ce ba ta da zafin nema. Amma a lokacin rayuwarta ita da kanta tana kiran kanta mai lissafi a hankali, takan shimfiɗa manyan takardu a ƙasa ta durƙusa tana zane-zane a kansu, tambaya ɗaya ta ɗauke ta shekaru. Wanda zai yi nisa a wannan fage sai ya iya zama cikin rashin sani ba tare da ya ɗauka shi ne ya gaza ba. Kwas ɗin nan shi ne karo na farko da lissafi ya nuna miki ainihin girmansa, kuma kowa da ke wannan hanya sai ya gamu da nasa.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Duk abin da na faɗa na faɗa ne bisa zaton karatun kaɗai ya fita ranki. In kin ga har hira da ƙawaye da sauran abubuwan da kike so sun daina yi miki daɗi, barcinki ya rikice, jikinki ya mutu, kina yawan jin ba ki da amfani, kuma abin ya kai mako biyu ko fiye kusan kullum, to wannan ya wuce maganar buri. Ki ga likita ko mai ba da shawara a makarantarku, kada ki jinkirta, kada kuma ki ji kunya.

Takardar bangon kuwa, ki bar layin farko. Na biyu ki ja masa layi da hannunki in kin gamsu, na uku ki cire masa shekarun. A ƙasa ki ƙara layi ɗaya da zai riƙa sauyawa duk mako, sunan abin da kike son ganewa a lissafi kafin mako ya zagayo. In zangon nan ya ƙare ki sake rubuto mini. Makin ki bar shi zuwa ƙarshen wasiƙa, ki fara da gaya mini wace tambaya ce ta fi ba ki wuya, da inda kika maƙale a cikinta. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki.